Muƙamuƙin da aka yi wa tiyata, da gaske komawa yake yi?

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, in aka ce aikin muƙamuƙi, abin da ke zuwa ran mutane shi ne wanda ya faɗi a babur aka kai shi Asibitin Malam Aminu Kano aka ɗaure masa haƙora da waya. Amma akwai wani aikin da ba a cika sani ba, na wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, haƙoran ƙasa suka sha gaban na sama, har ba ya iya gatsar rake da haƙoran gaba. Da zarar likita ya ambaci tiyata, maganar da dangi suka fi yi ita ce: asarar kuɗi ce, komawa yake yi.

Maganar ba ƙarya ba ce tsagwaronta. A aikin da aka fi yi, wanda Hugo Obwegeser da malaminsa Richard Trauner suka bayyana a 1957, ana tsaga ƙashin ta cikin baki, dama da hagu, a tura ɓangaren da ke ɗauke da haƙora baya, a kafe shi da ƙananan ƙusoshi. Sai dai tsokar tauna ta saba da tsohon mazauninta, harshe kuma ya rasa wani ɓangare na filinsa, don haka duka biyun suna tura ƙashin gaba. William Proffit da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun jera ayyukan muƙamuƙi gwargwadon yadda suke tsayawa, kuma mayar da na ƙasa baya, in shi kaɗai aka yi, ya faɗo cikin waɗanda suka fi motsawa. Shi ya sa likitoci kan raba gyaran biyu, su jawo na sama gaba su mayar da na ƙasa baya kaɗan, don hakan ya fi zama daram.

Inda jita-jitar ta kauce shi ne girman komawar. Da milimita ake auna ta, sau da yawa ɗaya ko biyu, abin da bai wuce ƙwayar gero ba, kuma yawancinta a shekarar farko take faruwa. Wasu kan wuce haka har a sake gyara haƙora, amma fuska ta dawo tamkar ba a taɓa ta ba, wannan ba kasafai ba ne.

Maganar da ta fi cutarwa ma ba wannan ba ce. Ita ce ta masu cewa a yi wa yaro tun da ƙuruciya, kafin ƙashi ya yi tauri. Akasin haka ne. Muƙamuƙin ƙasa yana cikin ƙasusuwan fuska da suke jinkirin daina girma. Na 'ya mace yakan tsaya wajen shekara 16 zuwa 18, na ɗa namiji kuwa yana iya zarce shekara 20 yana ƙaruwa. In aka yanka kafin lokacin, ƙashin zai ci gaba da girmansa, a ce aikin ne ya lalace. Don haka likita kan ɗauki hoton ƙashi, ya sake ɗauka bayan wata shida ko shekara, ya gwada su. Iyayen da ke gaggawa saboda an sa ranar aure ba sa son jin wannan, na sani, amma ƙashi bai san da sa rana ba.

Sannan tiyatar tsakiyar tafiya ce. Kafin ta, akan sa wayar gyaran haƙora shekara guda ko fiye, har haɓar ta ƙara fitowa a ido, mutane su ce an ɓata yaro, alhali shiri ne. Bayan ta akwai robobin da ke riƙe cizo, da ƙarin watanni na waya, da abin da ake sawa a haƙora da dare. Ga mutumin Kunchi ko Tsanyawa, zuwa Kano kowane 'yan makonni, da damina ana tsakiyar noma, ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya yanke zuwa shi ne haƙoransa suka fi gocewa. A lissafa kuɗin mota tun kafin a yarda da aikin.

Sauran maganganun ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙarfen da ake kafe ƙashin da shi titaniyom ne, ba ya tsatsa, ba ya jan tsawa, kuma akan bar shi sai in ya kawo ciwo. Tabo a fuska, galibi babu. Cewa an yi bankwana da nama ke nan, ƙarya ce: kimanin mako shida ne na kunu, fura damammiya da fate, kilishi da aya kuwa sai likita ya ba da izini. Mutuwar leɓe gaskiya ce, domin jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji ta cikin ƙashin ta ratsa. Yawanci jin yakan dawo cikin watanni, wasu kuma wani ɓangare ba ya dawowa, kuma haƙƙin mara lafiya ne a faɗa masa haka kafin ya sa hannu.

Duk wannan kan wanda ya taso da doguwar haɓa ne. Magidancin da muƙamuƙinsa ya fara tsawo da girmansa, takalmi da zobe suka fara matse shi, a duba masa sinadarin girma da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Wanda kuma gefe ɗaya ke kumbura a hankali ba zafi, haƙora suna girgiɗi, ƙari ake zargi, kuma sashen tiyatar baki da fuska zai nufa, ba wurin mai ɗori ba.