Sana'ar Hannu Cikin Jama'a: Darasi Daga Zimbabuwe Kan Ciwon Damuwa

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san yadda karayar jari, ko bashi, ko rashin wani na jiki kan sauya mutum. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita daga ransa, ya daina zuwa suna da biki. Mu kan ce tunani ya yi masa yawa. Idan wannan hali ya kai mako biyu ko fiye, yana hana mutum aikinsa, to yana iya zama ciwon damuwa. Ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma yana da magani.

Al'ummar Shona ta ƙasar Zimbabuwe suna kiran wannan hali kufungisisa, ma'ana yawan tunani. A shekarar 2006, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a unguwar Mbare da ke birnin Harare, da yake likitoci irinsa ƙalilan ne a ƙasar. Ya horar da dattawan mata 14 yadda ake sauraron mai damuwa, aka ajiye musu bencin katako a harabar asibitin unguwa. Sunan shirin Friendship Bench, wato Bencin Abota. Mai damuwa kan zauna da dattijuwa har sau shida, su jera matsalolinsa, su zaɓi ɗaya, su tsara yadda zai tunkare ta.

Bayan haka sai a gayyace shi cikin wata ƙungiya mai suna Kubatana Tose, wato riƙe hannun juna. A can ake zama a da'ira, ana hira ana koyon sana'a, musamman saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji, a sayar a sami na cefane. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya shafi mutum 573 a asibitoci 24 na Harare, ya nuna cewa bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka shiga shirin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda suka sami kulawar da aka saba, rabi ne. Wannan sakamako na shirin ne gaba ɗayansa, sauraro da zaman sana'a a haɗe.

Me sana'ar hannu ke ƙarawa? Da farko, idan hannu da ido suna kan saƙa, zuciya kan sami hutu daga juya magana guda. Na biyu, mutane da yawa suna jin nauyin faɗar damuwarsu ido da ido, amma idan kowa ya duƙufa kan aikinsa, baki kan buɗe da kansa. Na uku, ciwon damuwa yana sa mutum ya ga kamar ba shi da amfani, sai ga shi ya kammala jaka da hannunsa, har wani ya taya. Na huɗu, sanin cewa ana jiranka rana kaza yana fitar da kai daga ɗaki.

Abin da ake buƙata don irin wannan zama yana nan a garuruwanmu, ta kowane ɓangare na iyaka: saƙar faifai da tabarma, ɗinkin hula, dukanci, sassaƙar ƙwarya. Ku haɗu kamar mutum takwas zuwa goma, mata da nasu, maza da nasu. Ku zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, ku tsayar da lokaci guda kowane mako. Ku sami gwani ɗaya mai koyarwa, da dattijo ko dattijuwa mai riƙon amana. Sharaɗin farko shi ne abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a nan. Kada a tilasta wa kowa magana, kada kuma a yi wa aikin ɗan koyo dariya. Ku gayyaci ma'aikacin lafiya na yankinku ya riƙa leƙowa.

Sai dai wannan zama ba ya maye gurbin asibiti. Wanda yake shan maganin likita kada ya daina. Idan kuka ga mutum yana maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya ƙi ci da sha, ko mai jego ta kasa kula da jaririnta, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar.

Zumunta a ƙafa take. Idan akwai maƙwabcin rumfa da ya daina fitowa, ku je ku gaishe shi, ku zo da shi zaman sana'a.