Kwamfuta Mai Kwanciya da Tashi a Kan Ƙa'ida

Abin takaici ne mutum ya shiga ofis bayan la'asar, ma'aikata duk sun watse, ya tarar da kwamfutoci a kunne suna shan wuta ba mai amfani da su, alhali kuwa maƙeransu sun daɗe da tanadar hanyar da na'ura za ta kwanta da kanta a lokacin da aka ƙayyade mata, ta kuma farka da safe kafin mai ita ya iso, ba tare da ta zubar da ko harafi ɗaya daga aikin jiya ba. Wannan israfi ne wanda rashin sani kaɗai ya jawo shi.

Barcin kwamfuta iri biyu ne, kuma wajibi ne a rarrabe su. A ƙaramin barci, aikin da ke buɗe yana zaune ne a ƙwaƙwalwar da ake kira RAM, wadda ba ta riƙe kome sai wuta na gudana cikinta; a dogon barci kuwa, wanda Windows ke kira Hibernate, na'ura takan kwashe duk abin da ke cikin wannan ƙwaƙwalwa ta rubuta shi a faifan ajiya, cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys, sa'an nan ta mutu. Bambancinsu kamar na karatun da ɗalibi ya riƙe da ka ne da wanda ya rubuta a takarda ya ajiye. Duk wanda ke zaune a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, lalle ya san wanda ya fi amana a cikinsu.

To, abin da ya mutu, wa zai tashe shi? Tun shekarar 1984, da kamfanin IBM ya fito da kwamfutar PC/AT, aka saba dasa wani ɗan agogo a jikin babban allon na'ura, mai batirinsa na kansa, wanda ba ya daina lissafin sa'o'i ko da an zare waya daga bango. Da kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka shimfiɗa ƙa'idar ACPI a 1996, sai manhaja ta sami tsayayyar hanyar bar wa agogon nan wasiyya kafin ta kwanta, cewa idan ƙarfe kaza ya yi a tashe ta.

A Windows, mutum zai buɗe Task Scheduler ya tsara aiki biyu: na yamma, mai ɗauke da umurnin shutdown /h na shiga dogon barci, da na safe, wanda za a sa wa alamar izinin tayar da kwamfuta, sai kuma ya duba saitin wuta ya tabbatar an halatta wa agogo yin tashin, domin nan ne galibi mas'ala take maƙalewa. Ma'abota Linux suna da umurnin rtcwake don irin wannan aiki, na Apple kuwa pmset.

Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma ina roƙon mai karatu ya yi la'akari da su. Ɗan batirin nan agogo kawai yake ciyarwa, ba shi da ƙarfin kunna na'ura, saboda haka kwamfutar tebur da lokacin tashinta ya riske ta babu wuta a soket, za ta ci gaba da barcinta, ko da yake aikin da ke cikinta yana nan lafiya. Ta hannu kuwa, hatsarinta shi ne ta farka a cikin jaka rufe, inda iska ba ta shiga, ta yi ta ɗaukar zafi har batir ya ƙare. Don haka wanda ke yawo da tasa, gara ya tsara mata kwanciya kaɗai, ya bar tashin a hannunsa. In kuma aka ga na'ura ta soma ɓata kwanan wata duk sa'ad da aka zare ta daga wuta, to batirin agogon ne ya tsufa, sai a nemi sabo, wanda a yawancin kwamfutocin tebur lambarsa CR2032 ce.