Ciwon Asma: Maganin Shaƙa Na Kowace Rana Da Yadda Ake Amfani Da Shi

Da zarar hunturu ya kama, tambayar da muka fi samu a zagayen da muke yi cikin ƙauyuka ita ce ta ciwon asma, wanda waɗansu ke kira fuka. A wani ƙauye, bayan an tashi daga taro, wata uwa ta kawo mana ɗanta mai shekara tara. Ta kwance leda ta fito da gwangwanaye biyu na maganin shaƙa, wato inhela, waɗanda aka ba ta a asibiti. Shuɗin ya ƙare sarai. Mai ruwan ƙasan kuwa kusan cike yake. Muka tambaye ta dalili, sai ta ce, "Ai wannan ba shi da ƙarfi. Ranar da abin ya tasar masa na fesa masa, bai ji komai ba, sai na ajiye shi."

Wannan uwa ba sakaci ta yi ba. Ba a zauna an yi mata bayani ba ne. Kuma mun ga irin wannan a gidaje da yawa, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayanin a nan.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Iskar da muke shaƙa tana bin waɗansu ƙananan hanyoyi a cikin huhu, masu rassa kamar na itace. Ga mai asma, bangon waɗannan hanyoyi a kumbure yake ta ciki, yana kuma fitar da majina. Kumburin yana nan ko a ranar da mutum yake noma yana dariya, ba ya jin komai. Idan ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura suka taɓa wurin, sai tsokar da ta zagaye hanyoyin ta matse. Nan ne numfashi yake yin wuya, ƙirji ya riƙa kuka kamar ana fito, tari ya hana barci, musamman da tsakar dare ko da asuba.

To, matsala biyu ke nan, matsewa da kumburi. Magani ma iri biyu ne. Shuɗin, wanda sunansa salbutamol (da yawa sun san shi da Ventolin), yana saki tsokar da ta matse cikin 'yan mintoci. Amma bayan awa huɗu zuwa shida aikinsa ya ƙare, kuma bai taɓa kumburin ba ko kaɗan. Ɗayan, wanda yawanci mai ruwan ƙasa ne, yana ɗauke da maganin da likitoci ke kira sitiroid. Sunayen da za ku fi gani a jikin kwalin su ne beclometasone da budesonide. Shi ne yake kwantar da kumburin. Amma a hankali yake aiki. Sai an yi mako ɗaya ko biyu ana shaƙa kullum kafin a fara ganin canji, cikakken amfaninsa kuwa yakan ɗauki makonni. Saboda haka wanda ya fesa shi a tsakiyar tashin ciwo zai ce ba ya aiki, kamar yadda uwar nan ta faɗa. Mutum ba ya hawa gyaran jinka ranar da hadari ya riga ya haɗu. Da rani ake yi.

A lura, launi ba doka ba ne. Akwai kamfanonin da ke yin nasu ja ko ruwan lemo ko fari. Ku sa ma'aikacin lafiya ya nuna muku wane ne na kullum, wane ne na gaggawa, ku sa alama da biro ko zare.

Wannan magani ba sabo ba ne. Tun shekarar 1972 aka fara amfani da beclometasone na shaƙa a Ingila, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ciwon ya kashe mutum 455,000. Yawancin mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke faruwa, inda ba a gane ciwon da wuri, ko kuwa ba a samun maganin shaƙa na kullum. A wannan shekara ta 2019 ƙungiyar likitoci ta duniya mai ba da shawara kan asma, wadda ake kira GINA, ta daina yarda a riƙa yi wa manya da matasa magani da shuɗin kaɗai, domin an ga dogara da shi kawai yana ƙara haɗarin mummunan tashi. Yanzu akwai ma inhela da ta haɗa budesonide da wani mai buɗe ƙirji, formoterol, a gwangwani ɗaya. Idan ita likita ya ba ku, ku bi yadda ya tsara, domin dokarta dabam ce.

Tsoron da mutane ke ji

Akwai masu cewa idan ka fara shaƙar inhela, jikinka zai saba, ba za ka iya rayuwa ba sai da ita. Ba haka ba ne. Maganin ba ya sa maye, ba ya kama jiki kamar taba. Idan mutum ya daina kuma ciwon ya dawo, kumburin da ke nan tun farko ne ya sake tashi. Waɗansu kuma suna ganin inhela ta wanda ya kusa mutuwa ce, har iyaye kan ɓoye ta don kada a ce 'yarsu tana da ciwo a ƙi aurenta. Wannan ɓoyo ya jawo wa yara wahala ba kaɗan ba. Asma ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko ta tari, ko da yake tana bin jini a waɗansu gidaje.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, mutanen da ke tsoron inhela su ne ke zuwa kemis su sayi ƙwayar prednisolone ko dexamethasone su yi ta sha wata da watanni, don tana da araha kuma suna jin sauƙi nan da nan. Waɗannan ƙwayoyi ma sitiroid ne, amma masu zagaya jiki duka. Idan aka daɗe ana sha, fuska takan kumbura, ƙashi ya yi rauni, hawan jini da ciwon suga su shigo, ido ya yi yana. Likita yakan ba da su na 'yan kwanaki kaɗan idan ciwon ya tashi da ƙarfi, kuma a nan suna ceton rai. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kuwa, kada ya tsayar farat ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya je asibiti a rage masa a hankali. Na shaƙa kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma kai tsaye yake tafiya huhu inda ake bukatarsa.

Ba mu ce ba shi da illa ko kaɗan ba. Yakan sa murya ta dushe, abin da ke damun 'yan ƙungiyar mawaƙa. Yakan kuma kawo farin abu a harshe da cikin baki idan maganin ya kwanta a can. Kurkure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa yana rage duka biyun. Ga yara, bincike ya nuna yana iya rage tsawo da kamar santimita ɗaya. Mu a ganinmu, idan aka ɗora wannan a kan sikeli da yaron da ba ya barci, ba ya zuwa makaranta, ana gudu da shi asibiti da dare, zaɓin ba mai wuya ba ne. Mace mai ciki kuma kada ta daina nata. Jaririn da ke cikinta da numfashinta yake samun iska.

Yadda ake shaƙa

A nan ne yawancin magani ke ɓata. Idan aka fesa kai tsaye cikin baki, da yawansa a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, musamman ga yara da tsofaffi waɗanda ba sa iya haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci ɗaya. Shi ya sa ake amfani da wani bututu da ake kira sifesa, wanda ke riƙe maganin kamar hazo har mutum ya shaƙe shi. Idan babu na saye, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi. Wata likitar yara, Heather Zar, tare da abokan aikinta a Cape Town ta Afirka ta Kudu, sun gwada wannan a kan yara, suka buga sakamakon a 1999: gorar ta yi aiki daidai da na kamfani.

A wanke gorar, a huda gindinta daidai girman bakin inhela, a cusa bakin a ciki, a liƙe gefen da salatif don kada iska ta fita. Mai ciwon zai sa bakin gorar a nasa bakin. Sai a girgiza inhela sosai, mutum ya zauna a miƙe, ya fitar da numfashi, ya kama bakin gorar da leɓɓansa. A danna sau ɗaya tak, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida ba tare da cire gorar ba. A jira kamar rabin minti, a sake girgizawa, a yi na biyu idan biyu aka rubuta. Kada a danna biyu ko uku a haɗe. Yaron da bai kai shekara huɗu ba yawanci sai da sifesa mai marfin da ke rufe hanci da baki, wannan a nema a asibiti. Idan an wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma, don gugar tana sa maganin ya manne a jikin robar.

Sai lissafi. Yawancin gwangwanaye suna da fesa 200. Wanda ke yin biyu da safe, biyu da dare, zai yi kwana 50 da shi. Gwangwanin zai ci gaba da yin ƙara ko bayan maganin ya ƙare, don haka a rubuta ranar da aka fara a jikin kwalin, a fara tanadin kuɗin wani tun kafin ya ƙare. Mun san na kullum ya fi shuɗin tsada, kuma ba kowane kemis na ƙauye ke da shi ba. A waɗansu wurare masu asma sun haɗa kai, idan mutum ɗaya zai shiga gari ranar kasuwa sai ya sayo wa kowa, an rage kuɗin mota ke nan. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, kuma kada a bar gwangwani a rana ko kusa da murhu.

Yaya za a san maganin yana aiki? Mutum zai riƙa barci har gari ya waye, ya yi aikinsa, kuma ba ya neman shuɗin fiye da sau biyu a mako. Wanda ke ƙarar da shuɗi uku ko fiye a shekara, ciwonsa bai kwanta ba, ya koma a duba shi. Idan kuwa an yi wata uku lafiya lau, ma'aikacin lafiya zai iya rage yawan fesawa. Shi zai rage, ba mai ciwon ba.

Magani kaɗai ba ya hana hayaƙin itacen girki shiga ƙirji. Mai asma ya nisanci ɗakin girki marar taga, da maganin sauro na ƙonawa, da turaren wuta, da masu shan taba. Gidan sauro ya fi masa. Lokacin sussukar gero da dawa ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya rufe hanci. Masu sharar majami'a ranar Asabar su yayyafa ruwa tukuna, kuma kada a ba yaro mai asma tsintsiya. Waɗansu masu asma kuma asfirin da ibuprofen suna tayar musu da ciwon.

Kada a rikita asma da tarin fuka, wato tibi, don sunayen sun yi kama. Tarin da ya wuce mako biyu, tare da rama, zufar dare, zazzaɓi ko jini a kaki, a je a gwada kaki tukuna. Gwaji da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Idan ciwon ya tashi da ƙarfi

Ko mai shaƙar na kullum yana bukatar na gaggawa kusa da shi, a gona ko a makaranta. Idan mutum ya kasa gama jimla ɗaya saboda haki, ko tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko leɓɓansa sun canza launi, ko yaro ya kasa shan ruwa ko ya yi laushi, wannan ba abin jira har safe ba ne. A zaunar da shi, kada a kwantar. A ba shi shuɗin ta gora, fesa ɗaya bayan ɗaya: babba da yaron da ya kai shekara shida daga 4 zuwa 10, ƙaramin yaro daga 2 zuwa 6. Ana iya maimaitawa bayan kowane minti 20 har sau uku, amma a kan hanyar asibiti ake yin hakan. Tun fesa na farko a aika a kira mai babur, a kuma tafi da gwangwanayen duka biyu don likita ya ga abin da ake amfani da shi.