Na Tashi Daga Kano Zuwa Kaduna, Wace Jiha Ce Za Ta Karɓi Harajina?

Wani mai sauraronmu, ma'aikacin kamfani, ya rubuto yana cewa an yi masa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Kaduna a watan Afrilu, amma har yanzu Kano ake aika harajin da ake cirewa daga albashinsa. Yana tambaya ko cutarsa ake yi.

To malam, mun gode da wasiƙarka. A bana dai ba a cuce ka ba. Abin da doka take dubawa shi ne inda kake zaune ranar 1 ga Janairu. Tun dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 haka abin yake, kuma sabuwar dokar 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta bar harajin ma'aikaci a hannun jihar da yake zaune. Tunda sabuwar shekara ta same ka a Kano, harajin shekarar ɗungurungum na Kano ne. Daga Janairu mai zuwa kuwa, na Kaduna ne.

Ka lura, zama aka ce, ba wurin aiki ba, ba kuma jihar haihuwa ba. Mutumin da yake kwana a Suleja yana zuwa aiki Abuja, jihar Neja ce ke da harajinsa. Na Mararaba kuma, Nasarawa.

Inda ake yawan rikicewa shi ne mai gida biyu. Wataƙila ka bar iyali a Kano, ka kama ɗaki a Kaduna. A nan, gidan da ya fi kusa da wurin aikinka shi ake ɗauka. Ɗakin otal ko masaukin baƙi ba ya shiga lissafi muddin kana da mazauni na dindindin.

Yanzu sai ka rubuta wa ofishin albashinku takarda kafin Disamba ta ƙare, ka ba su sabon adireshinka, ka riƙe kwafi. Kada ka dogara da faɗa da baki, masu lissafi ba sa ajiye magana sai takarda! Ka kuma je hukumar tara haraji ta jihar Kaduna da lambar harajinka a gyara maka rajista.

In ka yi sakaci kuɗin suka ci gaba da tafiya Kano, ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji a Kaduna, don neman fili ko kwangila, za a ce ba su ga ko kwabo naka ba. Dawo da kuɗi daga wata jiha kuwa, sai ka yi ta zarya.