Gargaɗi ga Jama'ar Kademi: Idan Baki Ya Karkace, a Nemi Mota

Iyayena da 'yan'uwana na Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi, ni 'yarku ce, ɗalibar aikin jinya, kuma abin da idona ya gani a ɗakin majinyata ne ya hana ni yin shiru.

An kawo wani dattijo kwana 3 bayan ya faɗi a makewayi. Da asuba ya ɗauki buta za shi alwala, ta suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Aka ce iska ce ta buge shi. Aka turara masa hayaƙi, aka ɗura masa rubutu, ya ƙware, ruwan ya gangara huhu. Ya iso mana ga zazzaɓi ga ɓarin jiki a mace. 'Ya'yansa ba sakaci suka yi ba, sani ne babu.

Shanyewar ɓarin jiki a ƙwaƙwalwa take: jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Ga yadda za ku gane ta: ku ce wa mutum ya washe haƙora, ku ga ko gefe ɗaya ya zube. Ya ɗaga hannu biyu, ku ga ko ɗaya zai sulale ƙasa. Ya faɗi sunansa, ku ji ko magana ta harɗe. Alama ɗaya ta isa. Ko da ya warware bayan minti 10, a tafi da shi, domin babbar shanyewar na iya biyowa.

Ku duba agogo, ku riƙe lokacin. Ku kwantar da shi ta gefe. Kada a ba shi ruwa ko koko ko rubutu, maƙogwaronsa ba lallai ya iya haɗiya ba. Kada a sayo asfirin a kemis: in jijiya fashewa ta yi, ƙara zubar jini zai yi, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance biyun. Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota. A nufi Babban Asibitin Gaya, in an tura ku Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, kada a kwana ana shawarar dangi. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.

'Yan'uwana ɗalibai, in aka kira ku gida don kuna da farin kaya, ku auna suga tukuna, faɗuwar suga na kama da wannan ciwo. Kada ku yi gaggawar sauke hawan jini da ƙwaya. Ku rubuta lokacin da aka ga mutumin lafiya na ƙarshe, ku raka shi.

Baba, Inna, don Allah ku je a auna hawan jininku a wannan makon. In yana kai 140 bisa 90 ko sama, ku ga likita, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.