RANAR 'YAN MAZAN JIYA: ABIN DA GADAR ANACHA TA GANI

Ran 15 ga watan Janairu na kowace shekara ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya a duk faɗin ƙasar nan. A Inugu akan taru a dandalin Okpara, a Fatakwal kuwa a filin Isaac Boro. A yi fareti, a busa begila, manya su ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, kowa ya kama gabansa. Yawancin 'yan Arewa mazauna garuruwan nan, masu sayar da shanu da albasa da masu canji, sai dai su ji ƙarar bindiga daga rumfunansu. Alhali kuwa a kan ƙasar da suke kasa kaya aka binne da yawa daga cikin waɗanda ake tunawa.

Da can ran 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda Ingila ke yi. Daga baya aka mai da shi ran 15 ga Janairu, domin a ranar ce, a 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Ikko, yaƙin basasa na wata 30 ya ƙare. Ga mutumin Arewa kuwa ranar tana da wani nauyin dabam, don a irinta ce a 1966 aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad.

Inugu ce ta fara faɗawa hannun sojan Tarayya, ran 4 ga Oktoba 1967, ƙarƙashin Runduna ta Ɗaya ta Kanar Muhammadu Shuwa. Fatakwal sai a watan Mayu na 1968, a hannun Kanar Benjamin Adekunle. Shi kansa Isaac Boro, wanda filin ke ɗauke da sunansa, a fagen fama ya rasu a shekarar.

Amma inda aka fi jin jiki shi ne Anacha. Sojan Biyafara sun karya gadar Kogin Kwara, saboda haka Runduna ta Biyu ta Kanar Murtala Muhammad ta tsaya cik a Asaba. Sau uku ana loda soja a jiragen ruwa don a haye, sau uku abin yana ci tura. A karon farko har sun shiga babbar kasuwar garin kafin a rutsa da su, baya kogi, gaba wuta. Da yawansu samari ne sababbin ɗauka, waɗansu 'yan makonni kawai suka yi suna koyon riƙon bindiga, waɗansu ko iyo ba su iya ba. Ruwa ya tafi da su, babu wanka, babu likkafani, babu kabarin da uwa za ta nuna wa jika. Sai da aka zagayo ta tudu aka ci garin a watan Maris na 1968. A ƙarshen watan kuma aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone shi ƙurmus. Duk direban da ya ɗauko kaya daga Kano ko Sakkwato ya hau gadar nan, a kan waɗannan bayin Allah yake wucewa.

Gaskiya ɗaya ce, maƙwabci ma yana da nasa mamatan. A Asaba, cikin Oktoba 1967, sojan Tarayya sun kashe ɗaruruwan mazan garin waɗanda ba su riƙe da makami. Yunwa kuma ta ci yara ba adadi a Gabas. Shi ya sa a Anacha da Inugu wasu ke rufe kasuwa ran 30 ga Mayu don tuna nasu. Dattawan zango sun san haka, shi ya sa sukan ja kunnen yara su kama bakinsu a ranakun biyu. Zaman kuwa ba na jiya ba ne: Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko tun kafin mulkin kai.

Bikin bai tsaya ga yaƙin basasa ba. Ya haɗa da mutanen yaƙin Bama, waɗanda Runduna ta 82 da ke Inugu ta gaji lambarsu, da na Kwango da Laberiya da Saliyo, da waɗanda Boko Haram da 'yan bindiga suka kashe. Kafin ranar akan sayar da 'yar alamar nan da ake maƙalawa a ƙirji, kuɗin na ƙungiyar tsofaffin soja ne da matan mamata da marayu. Ko yana isa hannunsu yadda ya kamata, wannan tambaya ce da matan ke yi kowace shekara.

A Juma'ar da ke gaban ranar akan yi addu'a ta musamman a masallatan bariki, limamin soja ya ja, farar hula su bi.