Shinkafar da Muke Ci: Daga Ina Take, Kuma Me Ke Tada Farashinta?

A ƙasar Adar, hatsi shi ne tushen cimaka: da shi ake fura, da shi ake tuwo. Shekarun baya, shinkafa abincin Salla ce da ranar suna. Yau kuwa ana dafa ta kullum a gidaje da yawa na birnin Tawa, kuma buhunanta sun kai kasuwannin Barmu, Tabalak da Abalak. Adar ba ƙasar noman shinkafa ba ce, sayen ta muke yi. Saboda haka ya kamata kowane magidanci da kowace uwargida su san yadda kasuwarta take tafiya.

Su wa ke noma ta?

Kowace shekara duniya tana samar da shinkafa gyararriya fiye da tan miliyan 500. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, wato buhu 20 masu kilo 50. Kusan kashi 9 cikin 10 a nahiyar Asiya ake noma ta. Indiya da Sin kaɗai suna noma fiye da rabi. Amma yawancinta a gida suke cinye ta. Kamar kashi 1 cikin 10 ne kawai ke ƙetare iyaka. Daga wannan ɗan kaso muke saye. Indiya ce kan gaba wajen sayarwa, sai Tailan, Biyetnam da Pakistan.

Bukata tana sauya wuri

A wasu ƙasashen Asiya, da mutane suka samu wadata, sai suka rage cin shinkafa, suka ƙara cin nama, madara da burodi. A Japan, mutum ɗaya yana cin kilo 118 a shekarar 1962. Yau bai kai rabin haka ba.

A Afirka kuwa bukata ƙaruwa take. Nahiyarmu tana sayen kusan kashi 1 cikin 3 na shinkafar da ake fataucinta tsakanin ƙasashe. Dalili na farko shi ne yawan jama'a: ƙidayar 2001 ta sami mutum miliyan 11 a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17. Na biyu shi ne zaman birni. Hatsi yana bukatar sussuka, surfe da niƙa. Shinkafa kuwa a wanke a zuba a tukunya. Ba ta cin lokaci, ba ta cin itace da yawa. A arewacin Adar akwai dalili na uku: idan damina ta gaza, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, kuɗin da ƴan cin rani ke aikowa daga Abijan ko Libiya sau da yawa buhun shinkafa ake saye da su.

Kowace ƙasa da irin wadda take so. Mutanen Senegal sun fi son karyayyiya. A Najeriya an fi son wadda aka turara kafin a cashe ta. Masu saye a birane suna ƙara neman mai tsabta, wadda ba tsakuwa ba ƙaiƙayi. Wannan ne ya sa ta waje take yawan rinjayar ta gida a kasuwa.

Ta gida

Nijar tana noman shinkafa a bakin kogin Kwara, cikin jihohin Tilaberi, Yamai da Doso, da kuma bakin Komadugu a jihar Difa. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da manyan filayen ban ruwa. Duk da haka, abin da ake girba bai kai rabin bukatar ƙasa ba. Sauran daga waje yake zuwa.

Yadda nesa take zama kusa

Tun da masu sayarwa ba su da yawa, shawarar ƙasa ɗaya tana iya girgiza kasuwa duka. A 2008 Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da shinkafa. Cikin ƴan watanni farashin tan ɗaya na shinkafar Tailan ya ninka kusan sau uku, har ya kai dalar Amurka 1,000.

A watan Yuli na 2023 abu biyu suka haɗu. Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba. A cikin watan kuma, bayan juyin mulkin ranar 26, ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Benin. Ta tashar jiragen ruwa ta Kotonu yawancin buhunan suke biyowa, su ratso Gaya, Doso da Ƙonni kafin su iso Tawa. Nan take shinkafa ta yi tsada. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, sai kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Indiya ta janye haninta a Satumban 2024, kuma farashin duniya ya faɗi sosai a 2025.

Abin lura shi ne: kuɗin buhu a Tawa ya ƙunshi kuɗin jirgi, na duwan, na mota da ribar ɗan kasuwa. Shi ya sa sauƙin kasuwar duniya yake jinkirin isowa gare mu.

Shawara ga iyali

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shinkafa ta zama ƙari a kan hatsi, kada ta maye gurbinsa.

Kada a sayar da hatsi da arha lokacin kaka don a sayi shinkafa da tsada lokacin bazara.

A ƙarfafa bankin cimaka na gari, a cika shi tun kaka.

Hatsi ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. In an dafa shinkafa, a haɗa ta da wake, zogale ko wani ganye, musamman saboda yara da mata masu ciki.

In an samu ta gida mai kyau, a saye ta. Kuɗin zai tsaya hannun manoman ƙasarmu.

A riƙa sauraren farashin kasuwanni a rediyo, a rubuta shi a littafi kowane mako. Wanda ya yi haka shekara guda zai san watan da ya fi dacewa ya saye.